Manuwa a Gyaɗi-Gyaɗi

Kalmar "manuwa" tana cikin kalmomin da suke neman ɓacewa daga bakin Hausawa. Dattawan da suka riski zamanin yaƙin Hitila sun san ta, in kuwa sun faɗe ta jirgin ruwan yaƙi suke nufi, amma in ka tari saurayin yau da ita sai ya zaci sunan wata mata ne ko wani ƙauye. Aro ce daga tsohon sunan da Ingilishi suke kiran jiragensu na yaƙi. Ta shigo Hausa ta sami wurin zama, sa'an nan ta tsaya ita kaɗai, ba 'ya'ya ba jikoki. Watau muna da sunan abin ɗungum, amma ba mu da sunan gabansa da bayansa, balle sunayen ire-irensa manya da ƙanana. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tsakanin Kano da teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma mutane ba su raɗa suna ga abin da hannunsu bai taɓa ba. Ni na yi wata goma sha huɗu ina ƙera ƙaramin kwaikwayon irin wannan jirgi tsakanin gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da rumfunan masu sana'a a Tarauni, kuma abin da nake so in ajiye gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne yadda aikin ya gudana, da yadda sunaye suka riƙa fitowa daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin teku ba.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwannin Kano ya san motar kara da motar langa-langa. Da kaka ta yi, an girbe dawa, sai yara su tara kara, su feƙe bayansa su yi tsinke, su yanka totuwa su yi jiki, su sare tsohon silifa su yi taya. Wanda ya gwanance har ƙofa mai buɗewa yake yi, da sitiyari mai tsawo wanda zai riƙa juya tayoyin gaba yana tafe. To, amma wannan aiki ne na ido: in motar ta yi kama da mota, an gama. Abin da na sa a gaba ya bambanta da wannan ta fuska guda, watau awo. Sharaɗinsa shi ne kowane abu da yake jikin babban jirgin a rage shi da kaso ɗaya, ba daɗi ba ragi, tun daga tsawon jirgin har zuwa kaurin ƙarfen tsani. Ido ba shi da ikon cewa "haka ya fi kyau". Abin da rula ta faɗa shi za a bi.

Jirgin da na zaɓa sunansa Ashanti, na sojan ruwan Ingila, daga cikin irin jiragen da ake kira distiroya. Yana cikin wani rukuni na jirage 16 da Ingila ta ƙera wa kanta gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ta raɗa musu sunayen al'ummu daban-daban. Shida daga cikinsu sunayen mutanen Afirka ne: Ashanti, Mashona, Matabele, Nubian, Somali da Zulu. Babu Hausa a ciki, saboda haka na ɗauki mafi kusa da mu, don kuwa ƙasar Asante ba baƙuwa ba ce ga Bakano, ita ce ƙasar goron da fatakenmu suka yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja dominsa. An ƙera Ashanti a Dumbarton ta ƙasar Sikotlan, aka tura shi ruwa a watan Nuwamba na 1937, ya kama aiki a Disamba 1938. A watan Fabrairu na 1939 ya zo Takoradi, inda aka ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya daga Sarkin Asante, Prempeh na Biyu. Daga cikin jiragen nan 16, guda 12 sun nutse a yaƙin. Ashanti yana cikin huɗun da suka tsira.

Matsala ta farko ba ta katako ba ce, ta tarihi ce. Jirgin yaƙi ba ya zama da kama ɗaya tun daga haihuwa har mutuwa, ana ta cire wannan a ɗora wancan. Ashanti da ya zo Takoradi yana da igwa takwas masu baki inci 4.7, an jera su bibbiyu a mazauni huɗu, biyu a gaba biyu a baya. Amma waɗannan igogi ba su iya ɗaga kai fiye da digiri 40, saboda haka ba su da wani tasiri a kan jirgin sama mai sakkowa ta tsakar ka. A watan Afrilu da Mayu na 1940 jiragen saman Jamus suka nutsar da 'yan'uwansa biyu, Gurkha da Afridi, a tekun Norwe. Daga nan aka cire mazauni na uku aka sa tagwayen igwa masu baki inci 4 waɗanda suke iya duban sama, aka rage tsawon bututun hayaƙi na baya don kada ya tare musu hanya. Ashe mai kwaikwayo dole ne ya tsai da shekara, har ma da wata, kafin ya taɓa zarto. Ni na tsaya a kan watan Agusta na 1942, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba. Zane-zanen jikin jirgin da tsofaffin hotuna na same su ta intanet, na kai aka buga mini su a manyan takardu. Abin da ya ƙara sauƙaƙa aikin shi ne, ɗaya daga cikin wannan rukuni, wanda aka ƙera wa Kanada, mai suna Haida, an adana shi a garin Hamilton ya zama gidan tarihi, kuma masu ziyara sun ɗauki hoton kusan kowace kusurwa tasa.

Kason da na ɗauka shi ne ɗaya bisa ɗari, don lissafinsa ba wuya: mita ɗaya a jirgi, santimita ɗaya a tebur. Tsawon Ashanti ƙafa 377 ne, watau mita 115 ba kaɗan, faɗinsa kuwa ƙafa 36 da rabi, watau mita 11 da ɗoriya. Nawa sai ya zama santimita 115 a tsaye, 11 a kwance. Bakin babbar igwa ya koma milimita 1.2. Mutum mai matsakaicin tsawo ya koma milimita 17. Ban sassaƙa mutum ko ɗaya ba daga cikin ma'aikatansa 190, saboda abin da muka sani game da sassaƙa siffar mai rai, amma na yanke ɗan tsinke mai tsawon milimita 17 na ajiye a gwangwani. Kowace ƙofa na yi, kowane tsani, kowane shinge, sai na tsai da tsinken nan kusa da shi in ga ko mutum zai iya shiga, ko zai iya hawa. Wannan ɗan tsinke ya fi rula amfani a wurina, domin shi yake tuna mini cewa abin da nake yi wurin zaman mutane ne.

Jikin jirgin a rumfar wani kafinta na yi shi, a bayan kasuwar Tarauni, dattijo mai yin gadaje da kabad. Katakon da ya zaɓar mini shi ne obece, farin katakon nan mara nauyi da ake kawowa daga kurmi, wanda yake karɓar wuƙa ba gardama. Abin dariya, shi ne kuma katakon da masu irin wannan aiki a Turai suke saye da tsada, mu kuwa a nan da shi ake yin bayan kabad. Ya sa na bar shi ya sha iska wata guda cikin hunturu kafin a taɓa shi, don ya ce katakon kurmi in bai saba da bushewar Kano ba, sai an gama aiki ya tsage. Dabarar ita ce ta hawa-hawa. Zanen jirgi yana nuna siffarsa a kowane mataki na zurfi, kamar an yanka shi a kwance. Sai a yanke allo ɗaya don kowane mataki, a rarake tsakiyarsa don rage nauyi, a shafa gam, a ɗora wani kan wani, a matse. Allo shida na yi don jiki, da wasu uku gajeru don tudun da yake gaban jirgin. Da gam ya bushe sai ka ga abu mai matakala kamar dalar gyaɗa da aka kifar. Daga nan sai aikin magagari da samfefa, a bi matakalan nan a cinye su har jiki ya yi sumul.

Nan ne wahalar take, nan ne kuma daɗin yake. Zanen yana da wani kashi da yake nuna jirgin an yanka shi gunduwa-gunduwa kamar rake. Na kwafe kowace gunduwa a kwali na yanke, ya zama ma'auni. Sai in goga kaɗan, in kara kwalin a wurinsa, in ɗaga sama in duba ko haske yana ratsawa tsakanin kwali da katako. In ya ratsa ta gefe, akwai sauran tudu a tsakiya. Mako bakwai na yi a kan wannan. A hankali hannuna ya gane abin da idona bai gani a hoto ba: gaban jirgin a ƙasa siriri ne kamar kaifin wuƙa don ya tsaga ruwa, amma yana zuwa sama sai ya buɗe waje don ya watsar da igiyar ruwa kada ta hau kansa. Tsawonsa ya ninka faɗinsa sau goma, don gudu aka yi shi. Tukwane uku ne suke dafa ruwa su ba injuna biyu tururi, ƙarfinsu ya kai na doki 44,000, su juya farfela biyu, jirgin ya yi gudun kusan kilomita 67 a sa'a.

A cikin makonnin nan ne na fara lura da bakin kafintan. Ban taɓa gaya masa sunan kome da Turanci ba, shi kuma bai taɓa tsayawa neman kalma ba. Ya ɗaga jirgin ya duba ta ƙasa ya ce, "Ɗana, gadon bayan nan bai miƙe ba tukuna." Ya shafa gaba ya ce karan hancin ya yi daidai, amma kumatun hagu ya fi na dama cika. Ramukan nan biyu da sarƙar anga take fita ta cikinsu ya kira su ƙofofin hanci. Baya ya kira shi ƙugu, kwalayen awo ya kira su haƙarƙari. Da na koma gida sai na sami littafi na fara rubutawa. Ba wani sabon abu ya yi ba, hanyar da Hausa ta saba bi ya bi, wadda ta ba mu bakin kogi da gindin bishiya da wuyan riga da goshin azumi. Abin lura kawai shi ne bai yi shawara da kowa ba, kuma kowace kalma ya faɗa yaransa na rumfa sun gane nan take inda yake nufi.

Da aka zo ginin saman jirgi sai harshen ya sake. Wannan kashi a gida na yi shi, da dare, da falankin katako siriri da gwangwanin madara da na buɗe na daddale. Maƙwabcinmu magini ne, yakan leƙo in ya dawo daga masallaci. A wurinsa shimfiɗar saman jirgi daɓe ce, ɗakunan da aka ɗora hawa-hawa bene ne. Wurin da kyaftin yake tsayawa, wanda a irin waɗannan jirage buɗe yake ba rufi, sai ɗan bango da ya kewaye shi, ya kira shi soro, bangon kuma rawani, kamar yadda ake kiran na saman gidan ƙasa. Ƙananan kafofin da ruwa yake bi ya koma teku ya ce indararo ne. Gajerun ƙarafan da ake ɗaure igiya a jikinsu kuwa ƙanena ne ya ba su suna, wanda yake kiwon tumaki, ya ce turaku. Na juya kalmar nan ta kowace fuska ban ga inda ta gaza ba.

Ƙananan kaya su suka ci rabin lokacin. Bakin igwa da allurar sirinji na yi shi, na naɗa mata siririyar takarda daga gindi don kaurin ya riƙa raguwa zuwa baki. Garkuwar da take rufe ma'aikatan igwa gwangwani ce, buɗe ta baya kamar ta ainihi. Bututu huɗu na harba nakiya mai iyo, waɗanda suke tsakiyar jirgi a kan mazauni ɗaya mai juyawa, faɗin kowanne inci 21 ne, watau milimita 5 da 'yan kai a wurina, sai eriyar tsohuwar rediyo ta yi daidai. Nakiyoyin da ake jefa wa jirgin ƙarƙashin teku, masu siffar ganga, kowace ta koma kamar ƙwayar wake. Shingen da ya kewaye daɓe shi ya fi cin rai: sanduna fiye da 200, kowace tsawon santimita ɗaya, da layin waya uku a jikinsu. Wayar na samo ta wurin masu naɗin koyil na fanka, jan ƙarfe ne siriri kamar gashi. Liƙa ta da dalma kuwa sai da na je kasuwar waya ta Fam Santa, na zauna kwana uku kusa da wani saurayi mai gyaran waya, na ga yadda yake riƙe hantsaki da yadda yake taɓa dalma sau ɗaya ya ɗauke hannu. Shi ne da na yi masa bayanin na'urar da take ƙarƙashin jirgi, mai aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa don gano abokin gaba, ya ce, "Yaya, ai kunne ke nan." Na rubuta.

Kalmar da ta fi ba ni wuya ita ce sunan jirgin kansa. In aka bi fassarar kalma da kalma, distiroya sai ya zama "mahallaki" ko "mai rugurguzawa". Asalin sunan kuwa tun wajen 1893 ne, lokacin da aka ƙera irinsa na farko don ya hallaka ƙananan jirage masu harba nakiya. Amma a Yaƙin Duniya na Biyu babban aikinsa rakiya ne. Jiragen kaya ba su tafiya ɗai-ɗai, sai a tara su su tafi tare, waɗannan ƙanana masu gudu suna kewaye da su. Ina cikin yi wa 'yan majalisar ƙofar gidanmu wannan bayani sai wani dattijo, wanda mahaifinsa yana cikin sojan da aka kai Bama, ya ce haka tsohonsa ya ba shi labari, manyan jirage a tsakiya, ƙanana suna kai da kawowa a gefe. Sa'an nan ya ce, "Wannan ai ayari ne. Babban da shugaba yake ciki shi ne madugu, na gaba jagaba, naka kuwa barde ne." Ban ji wata fassara da ta kama ƙafar wannan ba. Mahallaki yana faɗin abin da Bature ya kira jirgin, barden ayari yana faɗin abin da jirgin yake yi, kuma Bahaushen da bai taɓa jin labarin teku ba zai gane shi ba tare da ƙarin bayani ba.

Wannan ya kawo ni ga dalilin zaɓen watan Agusta na 1942. A lokacin tsibirin Malta yana cikin ƙawanya, abinci da mai sun kusa ƙarewa. Aka tashi ayarin jiragen kaya 14, ya bi ta mashigin Jibraltar da rakiya mai yawa. Madugun rakiyar da za ta kai su har Malta, Adimiral Burrough, yana cikin wani babban jirgi mai suna Nigeria. Ran 12 ga wata da yamma wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya, Axum, ya harbi Nigeria ya yi masa mummunan rauni, dole ya juya. Sai madugu ya sauka ya koma cikin Ashanti, daga soronsa ya ci gaba da jan ayarin. Jiragen kaya biyar kaɗai suka isa, cikinsu har da tankar mai Ohio, amma abin da suka kai ya isa tsibirin ya ci gaba da tsayawa. Wata guda bayan haka Ashanti yana can tekun ƙanƙara a arewa, yana rakiyar ayarin da yake dawowa daga Rasha, aka harbi ɗan'uwansa Somali. Ya ɗaura masa igiya ya ja shi kwana huɗu, har guguwa ta taso Somali ya karye biyu ya nutse da mutane da yawa. Lokacin da nake liƙa turakun ƙugu, kowanne bai fi milimita huɗu ba, wannan labari ne a raina.

Ba kowa ne ya ga kyan aikin ba. Kawuna ya dube shi ya ce, "Ka rasa abin da za ka ɓata wa lokaci sai jirgin Nasara?" Maganarsa tana da nauyi, ban kuma ɗauke ta wasa ba. Ingilishin da suka rubuta sunan Asante a jikin jirgi su ne suka ƙone Kumasi a 1874, suka kama Prempeh na Farko a 1896, suka murƙushe tawayen Yaa Asantewaa a 1900, kuma a cikin rundunoninsu akwai sojan da ake kira Hausa. Raɗa wa jirgi sunan mutanen da ka ci da yaƙi wani irin kirari ne mai nasara yake yi wa kansa. Duk da haka ina ganin yaƙin nan ba za mu ce ba ruwanmu da shi ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma a cikin jiragen ruwa aka kwashe su zuwa Indiya a 1943 da 1944, cikinsu da 'yan Kano da Katsina da Zazzau. Gyaɗarmu ta teku ta bi. Jiragen saman da aka riƙa saukewa cikin akwatuna a Takoradi tun 1940, a harhaɗa su a tashe su zuwa Masar, a filin jirgin Kano suke yada zango. Duk waɗannan sai da barade irin wannan suka raka su. Sanin yadda abin yake ba yabon mai shi ba ne. Na dai yi wa kawu alkawari cewa na gaba namu zan yi, watau jirgin sojan ruwan Nijeriya mai suna Nigeria, wanda aka ƙera a Holan a 1965, ya yi aiki a saukar soja a Bonny a watan Yuli na 1967.

Fenti wurin masu fentin mota a kan titin Zariya na haɗa shi. Ƙasan jirgi ja mai duhu, sai baƙin layi a daidai inda ruwa yake tsayawa, sama kuma ruwan toka. Akwai wata dabara a nan. Wanda ya tsaya mita ɗaya daga ƙaramin jirgi kamar ya tsaya mita 100 ne daga babban, abu kuwa in ya yi nisa launinsa yakan kwanta saboda iskar da take tsakani. Saboda haka sai a ƙara fari kaɗan a kan launin ainihi, in ba haka ba jirgin ya fito kamar abin wasan yara. Mai fentin ya gane wannan tun kafin in gama bayani, ya ce haka Dutsen Dala yake yin fari-fari in ka hango shi daga nesa. Da asuba na riƙa shafawa, kafin ƙura ta tashi, in kife kwali a kai.

Sauran gwaji ɗaya, shi ne na ruwa, kuma shi ne alƙalin dukan aikin. Abu mai iyo yana ture ruwa daidai nauyinsa. Ashanti da cikakken kaya nauyinsa kimanin tan 2,500 ne. Tun da an rage tsawo da faɗi da zurfi kowanne sau ɗari, nauyi zai ragu sau ɗari sau ɗari sau ɗari, watau sau miliyan, ya koma kimanin kilo biyu da rabi. Ma'anar wannan ita ce, in siffar da na sassaƙa daidai take, to, ranar da jirgin ya kai wannan nauyi dole ruwa ya tsaya a kan baƙin layin nan. In ya nutse ya wuce layin, na cinye katako fiye da kima, in ya tsaya sama, na bar tudu. Na kai shi wurin masu buga bulo a Tarauni, inda suke da kwarmin ruwa mai faɗi. Na auna shi a sikelin mai sayar da kaji, na cika abin da ya rage da gutsattsarin dalma, na jera su can ƙasa a kan gadon baya don kada ya kife. Da aka sa shi ya yi 'yar rawa ya tsaya, ruwa yana taɓa layin daga karan hanci har ƙugu. Leburori suka bar aiki suka kewaye shi, ɗaya ya tura shi da yatsa, ya tafi ɗoɗar yana tsaga ruwa, 'yar igiyar ruwa tana buɗewa ta gefen kumatunsa kamar yadda take a hotunan 1942. Shi Ashanti na ainihi an sassare shi an sayar da ƙarfensa a 1949.

Littafin nan nawa yanzu yana da kalma 63. Da na karkasa su sai na ga kaso mafi yawa daga sassan jiki ne, sai na gini, sai na fatauci da kiwo, sai aro irin su farfela da anga da injin, waɗanda suka riga suka zauna ba mai tayar da su. Tun daga Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 har zuwa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero an yi aiki mai yawa wajen samar da kalmomin zamani, mu ɗalibai kuma da shi muke karatu. Abin da nake roƙo a ƙara shi ne, kafin a zauna a tebur da jerin kalmomin Turanci ana neman takwarorinsu, a ba ɗalibi abin da kansa ko kwaikwayonsa, ya kai wa kafinta da magini da maƙeri da makaniki, ya rufe bakinsa ya buɗe littafi. Game da jirgin ruwa musamman, akwai waɗanda suka fi mutanen Tarauni haƙƙin magana, watau Sarkawan Argungu da Yawuri da masassaƙan kwalekwale, kuma ya kamata a gwada kalmomin nan nawa da nasu kafin a amince da ko ɗaya.

Har yanzu akwai biyu da ba a daidaita ba. Faifan ƙarfen da yake ƙarƙashin ƙugu, wanda in an karkata shi jirgi ya juya, kafinta ya ce wutsiya, dattijon majalisa ya ce linzami. Na fi karkata ga linzami, sai dai linzami a baki yake, wannan kuwa a baya. Ta biyu ita ce manyan bututun nan biyu masu fitar da hayaƙi. Makaniki ya rantse salansa ce, magini ya ce shi a wurinsa zanko ne tun da su suka fi kome fitowa a saman ginin, ni kuwa na rubuta bututun hayaƙi da fensir. Littafin da jirgin duka suna Gyaɗi-Gyaɗi, ga duk malami ko ɗalibin da yake so ya zo ya duba, ya ƙara ko ya soke.